Wane Yatsa Ne Ya Sage? Sharhi Kan Bidiyoyin "Ciwon Jijiyar Hannu"

Idan kana riƙe da babbar waya, ko a Utai kake ko a cikin garin Wudil, da wuya a yi mako guda ba a turo maka bidiyon maganin "ciwon jijiya" ba. Wani daga TikTok ya fito, wani daga Facebook, wani kuma ya yi ta yawo a WhatsApp har ba a san wanda ya fara sakin sa ba. Akwai ma wanda mai shagon caji zai haɗa maka da fina-finai a cikin memori. Yawancinsu da tambaya ɗaya suke buɗewa: hannunka yana sagewa da dare? Minjirya tana kama maka yatsu? Kana tashi daga barci kana yarfe hannu? To ga magani.

Tambayar tana kama mutane domin gaskiya ce. Mai ɗinkin hula yana jin haka, mai daka da surfe tana ji, ɗan acaɓa da ke wuni yana murɗa totur yana ji, haka mai jan koma a kogin Wudil. Bidiyoyin nan sun iya kwatanta abin da kake ji, shi ya sa kake yarda da su. Inda suke faɗuwa shi ne tambayar da likita zai fara yi maka kafin komai: wane yatsa ne ya sage? Bidiyon da bai damu da wannan tambaya ba, ba hannunka yake magana a kai ba.

Kalma ɗaya, abubuwa uku

Matsalar ta fara ne daga bakinmu. A Hausa, hanyar da jini ke bi jijiya ce. Igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya ce. Farin zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi shi ma jijiya muke ce masa. Abubuwa uku ne da aikinsu ya bambanta, cutarsu ta bambanta, maganinsu ma haka. Mai tallar magani yana cin moriyar wannan haɗuwar suna. Zai ce maganinsa yana "wanke jijiya" ko yana "buɗe jijiyar da ta toshe", kai kuma ka ɗauka hannunka yake nufi. Jijiyar saƙo ba bututu ba ce, babu wani datti a cikinta da za a wanke. Abin da ke samun ta a hannu shi ne matsi.

Manyan jijiyoyin saƙo uku ne ke sauka zuwa hannu, amma biyu ne suka fi shan matsi. Ta farko ita ce jijiyar tsakiya, wadda likitoci ke kira midiyan. A wuyan hannu tana ratsa wani ɗan lungu: ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu sun yi masa ƙasa da gefe, wani ɗauri mai tauri ya rufe shi ta sama. A cikin lungun nan akwai igiyoyin tsoka 9 masu lanƙwasa yatsu, sai ita jijiyar ta zama ta goma. Wurin ba ya buɗewa. Da zarar wani abu ya kumbura a ciki, jijiyar ce ke shan wuya. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira kafal tanel. Alamarsa sagewar babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe. Ƙaramin yatsa ba ya ciki. Ya fi tashi da dare saboda yawancinmu muna barci da wuyan hannu a lanƙwashe.

Ta biyu ita ce jijiyar gefe, wadda ake kira alna. Ita ce wadda in ka buge gwiwar hannu kake jin kamar lantarki ya ja ka har ƙaramin yatsa. Tana bi ta bayan ƙashin gwiwar hannu na ciki, kusa da fata. Yawan jingina gwiwar hannu a kan tebur ko ƙofar mota, ko daɗewa da ita a lanƙwashe, yana matse ta. Alamarta sagewar ƙaramin yatsa da ɗaya rabin na yatsan zobe.

Ka ga ke nan, yatsa shi ne taswira. Wanda ƙaramin yatsansa ya sage, aka sa shi ya sayi abin ɗaure wuyan hannu, an yi masa magani a inda ba ciwon yake ba.

Bidiyon mai kwalba

Wannan shi ya fi yawa a Hausa. Mutum ne a gaban kanta cike da kwalabe, ko murya kawai a kan hoton ƙashin hannu, ga lambar waya tana yawo a ƙasa. Kwalba ɗaya ce za ta magance sagewar hannu, da ciwon baya, da sanyin ƙashi, da basir. Daga nan sai a kawo shaidu: wata ta ce kwana uku ta sha ta warke.

Ba lallai ne mai shaidar ƙarya take yi ba. Matsewar jijiyar tsakiya ciwo ne mai zuwa yana tafiya, musamman a farkonsa. Mai juna biyu kan same shi a watannin ƙarshe saboda ruwan da ke taruwa a jiki, kuma ga mata da yawa yana lafawa da kansa bayan haihuwa. Idan ta sha wani jiƙo a satin suna, jiƙon ne zai kwashe yabon. Waɗanda suka sha bai yi musu komai ba kuwa, babu mai ɗora musu kyamara.

Sai batun lambar NAFDAC da ake nunawa kusa da kyamara. Ka lura da wannan: lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya a matakin farko tana nufin an duba cewa shan su ba shi da haɗari a bayyane. Ba ta nufin an gwada an ga suna warkar da cutar da aka rubuta a jiki. Shi ya sa akan rubuta a kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai bidiyo yana nuna maka lambar, ba ya karanto maka wancan layin.

Na kemis ma ba su tsira ba. Ƙwayoyin bitamin B da ake cewa "abincin jijiya" suna da amfani ga wanda jikinsa ya rasa su, misali mai ƙarancin B12, wanda kan samu wasu masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin. Amma ba sa faɗaɗa lungun wuyan hannu. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2003 kan magungunan wannan ciwo ba ta ga amfanin a zo a gani daga bitamin B6 ba, haka ma magungunan kashe zafi irin su ibuprofen. Abin da ya fi ban tsoro, yawan shan B6 na tsawon lokaci shi kansa yana lalata jijiyoyin saƙo, ya jawo sagewar hannu da ƙafa. Wato mutum yana shan abin da ke ƙara masa ciwon, yana ƙara yawan ƙwayar don bai ga sauƙi ba. Diclofenac kuma da ake sha kullum kamar gyaɗa, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake jawowa.

Bidiyon "gwada kanka cikin minti ɗaya"

Wannan ya fi na farko kama da ilimi. Za a ce ka haɗa bayan hannuwanka biyu, yatsu na kallon ƙasa, ka tsaya daƙiƙa 60. In ka ji minjirya, wai kana da cutar. Ko a ce ka ƙwanƙwasa wuyan hannu da yatsa.

Gwaje-gwajen na gaske ne. Na farkon sunan George Phalen yake ɗauke da shi, likitan tiyatar hannu a Amurka da ya yi fice kan wannan ciwo tun shekarun 1950. Na biyun na Jules Tinel ne, likitan Faransa da ya bayyana shi a 1915 lokacin da yake duba sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na farko. Sai dai a asibiti ba a yanke hukunci da su su kaɗai. Mai lafiya ƙalau zai iya jin minjirya in ya lanƙwashe hannu na minti guda, mai ciwon kuma zai iya yin gwajin bai ji komai ba. Likita yana haɗa su ne da tarihin ciwon, da duba ƙarfin tsoka, da duba wuya, wani lokaci da gwajin na'ura mai auna saurin tafiyar saƙo a jijiya.

Ga adadi da zai nuna maka girman tazarar. A wani bincike da Isam Atroshi da abokan aikinsa suka yi a kudancin Suwidin, wanda mujallar JAMA ta buga a 1999, kashi 14.4 cikin 100 na mutanen da suka amsa tambayoyi sun ce suna jin ciwo ko sagewa a yatsun da jijiyar tsakiya ke kula da su. Da aka duba su, aka kuma yi musu gwajin na'ura, kashi 2.7 ne kawai aka tabbatar da ciwon ta hanyoyin biyu. Wato a cikin masu alamar su biyar, kusan ɗaya ne. Sauran huɗun fa? Bidiyon minti ɗaya ya riga ya gaya musu sunan cutarsu, kuma mai yiwuwa ba ita ba ce.

Bidiyon atisaye da aka ɗora wa murya

Akwai bidiyoyin ƙasashen waje da ake yankowa a ɗora musu muryar Hausa: miƙe hannu, buɗe yatsu, juya wuya. Wasu daga cikinsu ƙwararrun masu gashin ƙashi ne suka yi su tun asali, kuma atisayen na iya kawo ɗan sauƙi ga mai ƙaramin ciwo. Amma a wajen yanka, abin da ake fara zubarwa shi ne gargaɗin: wane ne bai kamata ya yi ba, yaushe za a daina, yaushe za a tafi asibiti. Abin da ke saura shi ne alkawarin warkewa cikin kwana bakwai.

Sannan an yi su ne don mai aikin kwamfuta a ofis. Shawarar "ka huta da aikin hannu" ba ta da ma'ana ga matar da abincin gidanta ke fitowa daga turmi, ko manomin da damina ba ta jiran sa. Bidiyon da ya san mu zai yi maganar naɗa tsumma a ƙotar fartanya don ta yi kauri a rage damƙa, da sauya hannu, da raba aiki kashi-kashi.

Shawara mafi sauƙi da ke da hujja ita ce a hana wuyan hannu lanƙwashewa da dare, ta hanyar ɗaura masa abin tallafi da zai riƙe shi a miƙe. Ga jijiyar gefe kuma, a naɗa tawul a gwiwar hannu lokacin barci, a daina jingina ta a abu mai tauri. Ba kasafai waɗannan ke yin tashe ba, don ba su da ban mamaki kuma ba a cin riba da su.

Tausa da gashi da ƙaho, da ake yawan nunawa, suna iya sa mutum ya ji daɗin jikinsa na ɗan lokaci. Ba sa cire matsin. Gashi da ruwa mai zafi a hannun da ba ya ji sosai kuwa hanya ce ta ƙonewa ba tare da an sani ba.

Abin da ba sa faɗa

Nan ne sharhin ya fi nauyi, domin asarar ba ta tsaya a kuɗin kwalba ba. Sagewar hannu alama ce, kuma abubuwan da ke bayanta suna da yawa.

Ciwon suga yana lalata jijiyoyin saƙo, yawanci daga yatsun ƙafa yake farawa kafin ya zo hannu, kuma yana ƙara haɗarin matsewar jijiyar tsakiya. Raunin aikin ƙwayar maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki yana jawo ta. Matsalar ƙashin wuya na iya matse jijiya tun daga tushe, ciwon ya sauko ta kafaɗa. Sagewa ko mutuwar hannu da ta zo farat ɗaya a ɓari guda, tare da karkacewar baki ko sarƙewar magana, shanyewar ɓarin jiki ce, kuma asibiti za a nufa a wannan sa'ar. Ciwon hannun hagu tare da nauyin ƙirji da gumi na iya zama bugun zuciya.

Sai wadda bidiyon Turawa ba zai taɓa ambata ba, mu kuma ba ma son ambatarta: kuturta. Ƙwayar cutar tana son jijiyoyin da ke kusa da fata, kuma jijiyar gefe a gwiwar hannu tana cikin waɗanda ta fi kamawa. Najeriya ta kai matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya na rage cutar tun 1998, amma har yanzu ana samun sababbin masu ɗauke da ita fiye da 2,000 a shekara. Alamar farko na iya zama tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, da sagewar ƙaramin yatsa. Ana warkewa da haɗin ƙwayoyi na wata 6 ko 12, kyauta ake bayarwa ƙarƙashin shirin gwamnati na yaƙi da tarin fuka da kuturta, kuma asibitin Yadakunya, wanda aka fi sani da Bela, ya daɗe yana wannan aiki a Kano. Naƙasar yatsun da muke gani ba dole ba ce, jinkiri ne ke kawo ta. Wanda ya yi shekara yana shafa man zafi saboda bidiyo ya ce "sanyi" ne, wannan shekarar ce ta ci masa hannu.

Ko da matsewar ce tsantsa, lokaci yana da tsada. Jijiyar da ta daɗe a matse tana fara mutuwa, tsokar da take ciyarwa ta shanye. A jijiyar tsakiya, tudun naman da ke gindin babban yatsa ne ke lotsawa, mutum ya kasa ɓalla maɓalli ko zura zare a allura. A jijiyar gefe, rami ne ke fitowa a bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuni, yatsu biyu na ƙarshe su fara ƙanƙancewa. Jijiya tana sake tsirowa da kusan milimita 1 a rana, kuma tsokar da ta daɗe a shanye ba lallai ta dawo ba ko an yi aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk da haka, "ba sai an yi maka aiki ba" ita ce jimlar da bidiyoyin suka fi so, don sun san muna tsoron wuƙa. Aikin wuyan hannu ƙarami ne: a kashe wurin da allura, a yanke ɗaurin da ya rufe lungun, yawanci a koma gida a ranar. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan kan mutum 176, wanda JAMA ta buga a 2002, bayan wata 18 kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun samu sauƙi, a rukunin masu ɗaurin dare kuma kashi 75. Amma kashi 41 na wannan rukuni na biyu sai da aka yi musu aikin kafin lokacin ya cika. Darasin a bayyane yake: ɗauri yana wadatar da mutane da yawa, wasu kuma aiki ne mafitarsu. Bidiyon kirki zai gaya maka duka biyun.

Yadda za ka auna bidiyo

Masu bincike suna da ma'auni. A 1997 mujallar JAMA ta fitar da sharuɗɗa huɗu na bayanin lafiya a intanet: wa ya yi shi, daga ina ya samo, wa ke biyan sa ko me yake sayarwa, kuma yaushe aka yi. A 1999 masana a Oksfod ta Ingila suka wallafa ma'aunin DISCERN mai tambayoyi 16, da ke duba ko an faɗi amfanin magani da illarsa, da abin da zai faru in ba a yi maganin ba. An yi nazarce-nazarce da dama da waɗannan ma'aunai kan bidiyoyin matsewar jijiyar hannu na Turanci a YouTube da TikTok, kuma sakamakon yakan zo iri ɗaya: yawancinsu ba su kai ba, sannan yawan masu kallo ba ya nuna inganci.

Yanzu ɗauki sharuɗɗa huɗun nan ka ɗora a kan bidiyon da aka turo maka ta WhatsApp. Sunan mai shi ya ɓace, kwanan wata babu, madogara babu. Abin da ya tsira kawai lambar waya ce. Ko bidiyon da ma'aikacin lafiya na gaske ya yi da kyakkyawar niyya, in ya bi hannu goma aka datse masa kai da wutsiya, ya zama wani abu daban. Farar riga da abin awo a wuya kuma a kasuwa ake sayar da su.

Don haka kafin ka yarda ko ka tura wa wani, duba abu huɗu. Ya bambance yatsu, ko kuwa "hannu" kawai yake cewa? Ya ambaci wasu cututtukan da ke kawo irin wannan alama? Ya gaya maka lokacin da za ka ajiye shawararsa ka tafi asibiti? Akwai abin da yake son ka saya? Na ukun shi ne mafi muhimmanci. Wanda ya san aikinsa ya san iyakarsa.

Laifin ba na masu kallo ba ne. Daga Utai zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuɗin mota ne, da layi, da asarar wunin aiki, bidiyo kuwa yana cikin aljihu kuma da Hausa yake magana. Likitoci da mu masu bincike mun bar fagen Hausa kusan fayau, masu kwalba suka shige. Amma ba sai an fara da Kano ba. A cibiyar lafiya ta kusa ko babban asibitin Wudil za a iya auna suga da hawan jini, a duba fata, a duba tsokar hannu, sannan a tura ka gaba in akwai buƙata.

Idan sagewar da dare kawai take zuwa, gwada riƙe wuyan hannu a miƙe lokacin barci na 'yan makonni, ka kuma auna suga. Idan ta zama ba dare ba rana, ko abu yana suɓuce maka daga hannu, ko ka ga nama ya fara lotsawa, ko akwai tabon da ba ya jin taɓi, to lokacin kallon bidiyo ya wuce. Kafin ka tafi, ka lura da kyau waɗanne yatsu ne, wane lokaci suke sagewa, kuma tun yaushe. Da wannan likita zai fara.